Kwaɗon da ya hana ɓarawo, ya so ya hana ni

Lokacin da aka rufe boda bayan juyin mulkin Nijar a 2023, tirelata ta yi zaman dirshan a Daura, ba lodi. Na cire kan na tura Kano gyara, bodin ya rage shi kaɗai a fili kusa da hanyar Kwangwalam. Barci ya ƙaurace mini, don duk mai kan tirela zai iya ja da baya cikin dare ya sarƙafa ya yi gaba. Shi ne na sayi kwaɗon nan mai nauyi da ake rufe ƙarfen haɗin bodi da kai, na ƙara da wani kwaɗon mai kewaye guda ɗaya na akwatin kayan aiki.

Kuma wallahi sun yi rana. Wata asuba yaron motata ya kira ni yana haki: "Alhaji, an zo!" Na tarar da sawun tayoyi har ƙarƙashin bodin, ga shatin guduma a jikin kwaɗon, fenti ya ɓare amma ko motsi bai yi ba. Na akwatin kuwa wuyansa a ɓoye yake, almakashin yanka ƙarfe bai sami wurin kamawa ba. Safaya kawai suka kwance, ita ma laifina ne, da igiya na ɗaure ta. Ranar har masallaci sai da na yi wa kwaɗon nan talla.

To, sai hunturu ya shigo. Ramin makullin ba shi da marfi, ƙura ta cika shi taf. Ran da na sami lodin farko, kai ya iso, direba na jira, makulli ya ƙi juyawa. Yaro ya ɗura baƙin mai, ashe ƙara dama ƙurar ya yi ta zama taɓo. Na murɗa da ƙarfi, ƙaras, rabi a hannuna rabi a ciki. Kuɗin da na zuba, a ce ɗan marfin roba ya gagari masu ƙera kwaɗon? Na koma wurin mai shagon, wai "Ai Alhaji da ka naɗe da leda." Da zai karɓi kuɗina bai tuna da leda ba.

Mai walda ya kai la'asar yana fama, faifan yanka biyu ya cinye, lodin kuma wani ya ɗauka. Na akwatin yana nan, yanzu garin bakin fensir nake hura masa, na ɗaure shi da tsumma. Babban dai ban sake saye ba tukuna.