Wane littafi za ka fara saya don koyon yanar gizo mai ma'ana?

Littattafan fasahar da malamai ke kira web sémantique, wato yanar gizo mai ma'ana, ba irin waɗanda za ka ratsa Kasuwar Dole ka tsinta ba ne. Mai son ɗaya a Damagaram sai dai ya yi saƙo Yamai ko Kano, ko ya jira wani ɗan'uwa mai dawowa daga Faransa, kuma kafin littafin ya iso hannu kuɗin aike kaɗai ya ci jikkuna. In aka kawo maka wanda bai dace da kai ba, babu mayarwa. Ba a cinikin biri a sama, don haka gara ka san abin da ke cikin kowanne tun kafin ka fitar da sefa ko ɗaya.

Bari in fara da abin da fasahar take, domin shi ne ma'aunin da za ka auna littattafan da shi. A shekarar 2001 Tim Berners-Lee da James Hendler da Ora Lassila suka wallafa maƙala a mujallar Scientific American, suna kiran a rubuta bayanan intanet ta yadda kwamfuta ma za ta gane alaƙar da ke tsakaninsu. Tushen abin shi ne RDF, inda kowane bayani ke zama jimla mai gaɓa uku: abu, alaƙa, da abin da aka danganta shi da shi. Zinder, tana cikin, Nijar. Sai kuma a bai wa kowace gaɓa adireshin da babu mai irinsa. Mu nan mun san amfanin wannan fiye da kowa. In ka ce Zinder, birnin kake nufi ko jihar? In ka ce Damagaram, garinmu ne, ko masarautar da Sarki Tanimun ya mulka, ko kuwa Damagaram Takaya? Mutum yana ganewa daga yanayin magana, kwamfuta kuwa sai an ba kowanne lambarsa. A rumbun Wikidata, wanda aka buɗe a 2012, Nijar ita ce Q1032, Najeriya Q1033, alaƙar "ƙasar da abu yake ciki" kuma P17. A saman RDF akwai RDFS da OWL na tsara rukunai da ƙa'idoji, sai SPARQL na yi wa bayanan tambaya. Littafin farko mai kyau shi ne wanda zai ratsa da kai waɗannan huɗun ba tare da ka gaji ka ajiye shi a babi na biyu ba.

Kafin ka dubi sunan marubuci, dubi shekarar bugu. Hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da OWL a 2004, OWL 2 a 2009. SPARQL ta fito a 2008, sai SPARQL 1.1 a 2013, RDF 1.1 kuma a 2014, a shekarar da salon rubutu na Turtle ya zama ƙa'ida. SHACL, wadda ake tantance ingancin bayanai da ita, sai 2017 ta zo. Tsoffin littattafai suna rubuta misalansu da RDF/XML, salo mai wahalar karatu wanda ya kori mutane da yawa daga fannin. Jimlar da Turtle ke rubutawa a layi ɗaya, shi sai ya lulluɓe ta cikin alamomin buɗewa da rufewa har ka kasa ganin gaɓoɓin ukun. Roƙi mai yi maka sayayya ya buɗe tsakiyar littafin ya ɗauko hoton shafi biyu ya turo ta WhatsApp. In misalan gajerun layuka ne masu ƙarewa da ɗigo, Turtle ce. In shafin ya cika da alamomin XML, a mayar da shi kan kanta.

Wanda aka fi ambata a jami'o'i shi ne A Semantic Web Primer na Grigoris Antoniou da Frank van Harmelen, bugun MIT Press. Ya fara fitowa a 2004, na biyu a 2008, na uku a 2012 bayan Paul Groth da Rinke Hoekstra sun shiga cikin marubutan. Littafin aji ne, tsararre babi bayan babi, da atisaye a ƙarshen kowanne. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke da jarrabawa a gabansa zai ji daɗinsa, domin yana bin tsarin da malami zai bi a allo. Amma bugu na uku kaɗai nake ba da shawara, shi ne ya koma Turtle ya kuma kawo OWL 2. Na farko da na biyu su ne za ka fi samu da araha a hannun masu sayar da tsoffin littattafai, kuma arahar ce tarkon. Rauninsa, ko a bugu na uku, shi ne yana gaya maka abin da kowace kalmar OWL ke nufi, amma bai cika zaunar da kai ya nuna maka yadda za ka tsara naka bayanan ba.

Nan ne Semantic Web for the Working Ontologist ya fi shi, kuma shi ne wanda na fi so. Dean Allemang da James Hendler suka rubuta shi a 2008, aka sake bugawa a 2011, sai bugu na uku a 2020 tare da Fabien Gandon, wanda ya ƙara SHACL da batun haɗa bayanai a intanet. Salonsa shi ne ya ajiye maka matsala, sannan ya warware ta a gabanka. Ga ma'aikatu biyu, ɗaya tana rubuta "marubuci", ɗaya tana rubuta "mawallafi", yaya za a haɗa rumbunansu ba tare da an tilasta wa kowa ya sake nasa ba? Irin wannan tambayar ce ke gaban mai aikin ɗakin karatu, da mai haɗa rajistar asibitocin karkara, da ma'aikacin ƙungiyar agaji da ke karɓar jadawali daga Mirriya da Magarya da Tanut, kowanne da nasa tsarin.

Akwai wani abu guda da littafin ya bayyana da kyau, kuma in ka fahimce shi kuɗinka sun fita. A rumbun bayanai na yau da kullum, in sunan yaro ba ya cikin rajistar makaranta, kwamfuta za ta ce ba ɗalibi ba ne. A OWL ba haka ba ne, rashin ganin sunan yana nufin ba a sani ba tukuna, wataƙila yana rubuce a wani wurin da ba a haɗo ba. Haka kuma sunaye biyu daban ba sa tabbatar da cewa mutum biyu ne. Wanda ya saba da SQL, harshen yi wa rumbun bayanai na yau da kullum tambaya, nan yake tuntuɓe. Zai rubuta ƙa'ida cewa kowane ɗalibi yana da mahaifiya ɗaya, ya shigar da sunaye biyu da gangan yana jiran kwamfuta ta yi ƙorafi, sai ta yanke hukuncin cewa sunayen biyu na mace ɗaya ne. Don irin wannan aka ƙirƙiro SHACL, kuma don haka bugun 2020 ya cancanci ƙarin kuɗinsa a kan na 2011. Abin da zan gargaɗe ka da shi, littafi ne mai kauri, Turancinsa na zance ne mai tsawo, kuma misalai da yawa a kan Shakespeare suke, wanda ba kowa a cikinmu ya karanta a lakkol ba.

Wannan ya kawo mu batun harshe, wanda a Nijar ba ƙaramin abu ba ne. Mafi yawanmu da Faransanci muka yi karatu, kuma koyon sabon fanni da harshen da kake lalube a cikinsa wahala biyu ce. A 2012 kamfanin Dunod ya buga Le web sémantique na Fabien Gandon da Catherine Faron-Zucker da Olivier Corby. Bai kai na Allemang kauri ba, kuma ya ratsa RDF da SPARQL da RDFS da OWL. Ya riga RDF 1.1 da SHACL fitowa, don haka sai ka cike giɓin daga baya. Duk da haka, in Turancinka bai nuna ba, da shi za ka fara, ba na ko shakka. Gara ka gama littafin 2012 da ka gane, da ka ajiye na 2020 a shafi na talatin. Masu aikin ɗakin karatu da adana takardun tarihi kuma suna da nasu, Le Web sémantique en bibliothèque na Emmanuelle Bermès, wanda ya fito a 2013.

Learning SPARQL na Bob DuCharme, bugun O'Reilly, abu ɗaya yake koyarwa, yi wa bayanai tambaya, kuma yana koyar da shi tun daga shafukan farko da ɗan ƙaramin kundin adireshi. Nemi bugu na biyu, na 2013. Abin da ya sa ya dace da mu shi ne misalansa ƙananan fayiloli ne da za ka sauke sau ɗaya, ka riƙa gwada su a kwamfutarka da manhajar Apache Jena ko babu intanet. Mai rubuta manhaja wanda hannunsa ke ƙaiƙayin aiki zai fi son sa a kan duk sauran. Sai dai ba zai koya maka tsara ontoloji ba, wato rukunai da ƙa'idojin da ake ɗora bayanai a kai.

Foundations of Semantic Web Technologies na Pascal Hitzler da Markus Krötzsch da Sebastian Rudolph, na 2009, littafin manɗiƙi ne da lissafi. Mai shirin digiri na biyu ko na uku zai buƙace shi wata rana. Kada ya zama na farkonka.

Akwai kuma waɗanda marubutansu suka sa a intanet kyauta, kuma ni a ganina da su ya kamata kowa ya gwada kansa kafin ya yi saƙo. Linked Data na Tom Heath da Christian Bizer, na 2011, gajere ne, yana bayyana ƙa'idoji huɗun da Berners-Lee ya shimfiɗa a 2006 na wallafa bayanai masu haɗe da juna. Wasu shafukan da yake nunawa sun daina aiki, amma bayanin yana nan daram. Knowledge Graphs na Aidan Hogan da abokan aikinsa, na 2021, ya fi shi sabunta da faɗi, ya ɗauki yawon buɗe ido a ƙasar Chile ya gina misalansa a kai tun daga farko har ƙarshe. Sunan ma yana nuna inda fannin ya nufa, tun da Google ya sanar da nasa Knowledge Graph a 2012 kamfanoni suka koma kiran abin da wannan suna, amma RDF da SPARQL suna nan a ƙarƙashin da yawa daga cikinsu. Karanta babi biyu na Heath da Bizer a wayarka. In ka ji kana son ci gaba, to kuɗin littafi ba za su tafi a banza ba.

Takarda ko allo? Littafin da za ka yi watanni kana komawa gare shi, kamar na Allemang, ya fi kyau a takarda, ba ruwansa da caji ko ɗaukewar wuta a watan bazara. Na DuCharme kuwa ya fi amfani a kwamfuta, inda za ka kwafi tambaya ka liƙa ka gwada nan take.

In kuɗin littafi ɗaya kake da su, ga yadda zan raba. Mai jarrabawa ya ɗauki Primer bugu na uku. Mai Faransanci zalla ya ɗauki Le web sémantique na Gandon. Mai rubuta manhaja ya ɗauki na DuCharme. Duk wanda ke da bayanai na gaske a hannunsa da yake son tsarawa, kuma Turanci bai gagare shi ba, ya daure ya sayi Working Ontologist na 2020. In ku uku ne ko huɗu a aji ɗaya, kada ku sayi iri ɗaya, kowa ya ɗauki daban ku riƙa musanya. Kowanne ka zaɓa, sauke Protégé, manhajar kyauta ta Jami'ar Stanford ta tsara ontoloji, ka kuma buɗe shafin tambaya na Wikidata tun makon farko. Tambaye shi duk abubuwan da P17 ɗinsu ke nuna Q1032 kuma suna da shafi a Wikipedia ta Hausa. Za ka ga garuruwan da aka shigar, ka ga waɗanda babu, kuma Wikidata a buɗe take ga duk mai son ƙara sunan Hausa ko gyara wanda aka rubuta ba daidai ba.