Otal mai kyan gani a Kaduna, amma kuɗin cizo ya hana mu runtsawa

Biki ne ya kawo mu Kaduna ni da 'yata. Daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa muka wuce wani otal da ke wajen Unguwar Sarki, kuma kun san yadda kuɗin ɗaki ya koma a wannan yankin. Da shigarmu ban ga abin kushewa ba: zanin gado fari fat, ruwa na zuwa, ana ɗauke wuta suka tada janareto.

Can tsakar dare yarinyar ta fara mutsu-mutsu tana susa. Na haska fitilar waya, sai ga wuyanta da damtsenta sun yi ruɗu-ruɗu, cizon a jere kamar an ja layi. Sauro ba ya cizo haka. Na yaye zanin gadon na bi ɗinkin gefen katifa, ga baƙaƙen ɗige-ɗige na kashin kuɗin cizo, ga fararen ƙwai 'yan mitsi-mitsi, ga saɓar da suka yi. Da na leƙa bayan allon kan gado kuwa, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na murtsuke guda, jini ya fito tare da warin nan da duk wanda ya yi makarantar kwana ya sani.

Na sauka wurin yaron da ke karɓar baƙi, ya ce, "Hajiya, sauro ne, ai damina ake." Na ce, "Ɗan nan, taso ka gani da idonka." Da ya gani bakinsa ya mutu, ya miƙo min mukullin ɗakin da ke manne da namu. Na ƙi karɓa, don ƙwaron nan yana bin tsagar bango da ramin soket ya tsallaka maƙwabta. Sai da na kafe aka ba mu ɗaki a wani benen. A can na ajiye jaka a banɗaki kan tayil, na bincike katifa da gado da kujera kafin mu kwanta, kuma alhamdu lillahi ban ga komai ba.

Da safe manaja ya zo da kansa, ya ba da haƙuri cikin mutunci, har zuciyata ta fara sanyi. Na san ba ƙazanta ce ke kawo kuɗin cizo ba, jini yake nema, kuma wani baƙon ne kan shigo da shi a jaka bai sani ba. Ko birnin Paris sai da ya sha fama da shi a 2023. Na riga na yanke cewa zan yabe su a kan ruwa da wuta da ladabin ma'aikata.

Abin da na gani da azahar ne ya ɓata komai. Na biyo ta gaban ɗakin farko, sai ga shi a buɗe, warin fiya-fiya da turaren wuta na tashi, an shimfiɗa sabon zani a kan katifar nan dai, ana shigar da kayan wani bawan Allah. Haba! Feshin da aka yi a sama-sama ina zai kai ga ƙwan da ke cikin ɗinki? Cikin kwana 10 sun ƙyanƙyashe, manyan kuma suna iya yin watanni ba su sha jini ba. Katifar ya kamata a fitar, a kwance gadon, a rufe ɗakin. Na ja mutumin gefe na ce, "Alhaji, ka duba katifarka kafin ka ajiye kaya."

Ga wahalar da suka ja min a gida. Jakar ba ta shiga ɗaki ba, a tsakar gida na zazzage ta. Na jiƙa kaya a tafasasshen ruwa, na bi kowane ɗinki da dutsen guga, don zafi ne ke kashe su har ƙwan. Leshin ankon da na ɗinka da tsada ya yamutse, ba zai sake sawuwa ba. Yarinya kuma ta yi ta susa har wuyan ya yi tabo.

Ba zan ƙara kwana a can ba. Kuɗin daren farko da manaja ya ce za a mayar min, har yau in na kira sai a ce oga ba ya nan.