Kafintocin gyaran gida a Kano: sun iya ƙofa, amma rufi sai an sa ido

Daga watan Mayu, da zarar hadari ya fara haɗowa ta gabas, wayar kafintocin gyara ba ta hutawa a birnin Kano. Yawancinsu ba su da babban shago, jakar aiki ce kawai a bayan babur: guduma, zarto, tef, almakashin yanka kwano da ledar ƙusoshi. Ana samun su a kewayen kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa da ta Rijiyar Lemo, wasu kuma a unguwa aka san su. Abu uku aka fi kiran su a kai: ƙofa da ta ƙi rufuwa, rufi mai yoyo, da silin da ya yi ciki. Wannan bita ta shafi aikin ne gaba ɗayansa, ba mutum guda ba.

A wajen ƙofa sun cancanci yabo. Katako yana shan laima ya kumbura a Agusta, ya tsuke idan hunturu ya shigo, kuma galibinsu sun san haka. Gwani ba ya fara sassaƙe ƙofa. Sai ya ɗaga ta daga ƙasa ya ji ko tana rawa, domin sau da yawa sukurun hinjin sama ne ya saki. Ya cusa siririn katako da gam a ramin, ya ɗaura sukuru mai tsawo, idan ƙofar tana da nauyi ya ƙara hinji na uku. In har dole sai an rage, milimita 2 zuwa 3 ta isa, a kuma shafe wurin da fenti. Wanda ya zabge da yawa a damina, watan Janairu ƙura za ta riƙa shigowa ta wannan gefe. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne buga ƙusa a hinji a madadin sukuru, kuma har yanzu ana yi.

Rufi ne ke raba gwani da ɗan koyo. Inda ruwa ya yi tabo a silin ba lallai nan ne ɓular take ba, don ruwa yakan bi jikin rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufin, ya gangara ƙafa da yawa kafin ya ɗiga. Saboda haka kafintan da ya tsaya a tsakar ɗaki ya kalli tabo ya ce, "Alhaji, faci kawai za a yi," bai duba komai ba tukuna. Na kirki yana shiga cikin silin da rana, ya ga inda haske ke ratsowa, sannan ya hau sama. Kafin ya shiga kuma a kashe wutar gidan daga tushe, domin wayoyi a nan suke shimfiɗe, wasu ɓera ya riga ya gwaguye su.

Yawancin yoyo daga abu uku yake. Ko an buga ƙusa a kwarin kwano inda ruwa ke gudu maimakon a kan tudunsa, ko hular ƙusar ta yi tsatsa ta saki, ko kuma an yi rowar haɗi. Kwano ya kamata ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi ta gefe, ta tsawo kuma da inci 6 aƙalla. Idan aka rage haɗin don bandir ɗin kwano ya kai, ruwan da iska ke korowa zai koma ciki. Liƙi da kwalta yana tare ƙaramin rami, amma ranar Maris da Afrilu tana dafa shi ya tsage, da wuya ya daɗe. Fallen da tsatsa ta ci, canza shi ya fi sauƙi a kan a yi ta faci kowace shekara.

Sai langa-langa, wadda mutane ke mantawa da ita har sai iska ta yaye rufi ta jefa shi gidan maƙwabta. Ita ce ke ɗaure katakon rufi da bango. A tsofaffin gidaje za ka tarar ta ruɓe ko ta zame. Kafintoci kaɗan ne ke duba ta ba tare da an ce su duba ba, alhali ba ta da tsada ko kaɗan. Wannan babban giɓi ne a aikinsu.

Inda suka fi rauni shi ne katako. Na rufi yana zuwa da tsawon ƙafa 12, mai inci 2x4 ko 2x6 na rafta, 2x3 na shimfiɗar da ake buga kwano a kai, 2x2 na silin. Ɗanye yana da nauyi da sanyi a hannu, idan aka buga masa ƙusa wani lokaci har laima ke fitowa. Idan ya bushe a ƙarƙashin zafin kwano sai ya murɗe, ya saki ƙusa, yoyo ya dawo. A sa tef a auna, domin ana yawan samun wanda bai cika girman da aka kira shi da shi ba. Maganin gara kuwa, ko Solignum ko baƙin mai da wasu ke amfani da shi don rangwame, a shafa shi ta kowace fuska kafin a hau da katakon, musamman bakin da zarto ya yanka. Abin takaici, da yawa sai sun gama bugawa suke shafa inda ido ke gani. Idan an ga hanyar ƙasa ta gara a jikin bango, canza katako kaɗai ba zai yi ba, sai an bi ta har tushenta an zuba magani.

Silin ba shi da wuyar sha'ani. Na roba yana son katako kowace ƙafa 2, idan aka buɗa tazarar zafi zai sa ya lotsa. Tsohon silin asbestos kada a yanka shi da zarto a bushe, ƙurarsa tana illa ga huhu.

A gaskiya aikin waɗannan bayin Allah ya cancanci kuɗinsa, suna da sauri, suna kuma zuwa inda babban ɗan kwangila ba zai waiwaya ba. Sharaɗin shi ne a raba kuɗin kaya da kuɗin hannu tun farko, a rubuta adadin katako, fallen kwano da nauyin ƙusa. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, a ƙirga. Mai gida ko wakilinsa ya bi kafintan kasuwa a zaɓi busasshen katako tare. Ragowar kuɗin hannu kuma a yi yarjejeniya ba za a biya ba sai an jarraba rufin: wani ya hau da bokiti ya kwarara ruwa daga ƙololuwar rufin, wani yana cikin silin da tocila yana duba kowane haɗi.