Na yi ƙaramar sallah a homestay na wani ƙauye a Melaka, ga yadda na same shi

Tun da na saka hotunan nan a status mutane ke ta tambayata wai ina ne wannan, nawa ne, kuma ya cancanta mutum ya je? To bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya gani. Shekarata biyu kenan ina karatu a Malesiya, sallar farko a ɗaki na yi ta ni da wasu 'yan uwa biyu, wallahi ba na son in tuna. Saura kwana biyu sallah sai ka ga Kuala Lumpur ta yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, kowa ya tattara ya tafi garinsu, shi ne suke ce wa balik kampung, shagunan Malayawa duk a rufe. Ka dawo daga idi ka zauna kana kallon bidiyon hawan sallah a waya. Shi ya sa bana na ce a'a, sai na shiga cikin mutane.

Abu na farko da zan ja kunnenku, kalmar homestay ɗin nan tana ruɗar mutane. Yawancin abin da za ka gani a intanet da wannan sunan gida ne kawai babu kowa a ciki, a ba ka makulli ka kwana ka biya. Ba shi nake nufi ba. Akwai na ƙauye masu rajista da ma'aikatar yawon buɗe ido ta ƙasar, wanda za a haɗa ka da wani magidanci ka zauna cikin iyalinsa, abin da suka ci shi za ka ci. Nawa a wani ƙauye ne a yankin Alor Gajah cikin jihar Melaka, kwana uku na biya har da abinci, kuma tsakani da Allah kuɗin bai kai na matsakaicin otal a birni ba.

Na hau bas daga TBS, babbar tashar bas ta Kuala Lumpur, zuwa tashar Melaka Sentral, tafiyar da aka saba yi awa 2 sai da muka ninka saboda cunkoso, ga azumi a baki. Ku sayi tikiti da wuri dan Allah, lokacin sallah ƙarewa yake. Mai gidan da kansa ya zo ya ɗauke ni, dattijo, tun a mota ya ce in dinga ce masa Pak Cik, matarsa kuma Mak Cik, kamar ka ce kawu da inna kenan.

Gidan na katako ne a ɗage kan ginshiƙai, da matakala ta dutse a gaba an yi mata ado da tayil masu fure, irin ta gidajen Melaka. Takalmi a ƙasa ake barinsa. To a nan ne na fara cin karo da abin da bai min daɗi ba, ɗakin da na gani a hoto mai AC ne amma da na zo an ba 'yarsu da ta dawo sallah da jarirai, ni aka kai ni wani ƙarami mai fanka kawai, ga zafi mai danshi ga sauro, banɗaki kuma na haɗaka ne da mutum sun fi goma. Ban ga laifin a fifita mai jego ba sam, amma da sun faɗa min tun kafin in biya da ya fi. Ku tambaya tun farko, kuma ku zo da maganin sauro.

Amma daren sallah ya mantar da ni duk wannan. Bayan an sha ruwa aka fito tsakar gida, an jera fitilun kananzir irin aci-bal-bal a kan sanduna har bakin hanya, pelita suke ce musu. Pak Cik da 'ya'yansa maza suna gindin wuta suna gasa lemang, wato shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa ake ɗurawa cikin gora bayan an shimfiɗa ganyen ayaba a ciki, a jingina gorunan a jere kusa da wuta ana juyawa, awa 4 ko fiye. Ni ma aka miƙo min tsumma aka ce in juya, hayaƙi na shiga ido, kana jin madarar tana tafasa tana tsartuwa ta bakin gorar. Can gefe Mak Cik na kan rendang a wani ƙaton kasko, naman sa da madarar kwakwa da barkono da citta da kurkur da wata ciyawa mai ƙamshin lemon tsami da suke kira serai, ana ta juyawa har ruwan ya ƙone naman ya yi duhu. 'Yan mata kuma na saƙa ganyen kwakwa da hannu kamar 'yar jaka, a zuba shinkafa a ciki a dafa, shi ne ketupat. Na zauna an koya min sau uku, yarinya 'yar shekara goma kafin ka ƙifta ido ta gama ɗaya.

Muna cikin haka sai ga mazan unguwa sun shigo a ƙungiya suna kabbara, gida-gida suke bi, da wata murya mai sanyi a hankali, a zauna a yi addu'a a sha shayi su wuce gaba. Zakkar fidda kai ma da kuɗi suke bayarwa, akwai mutum da hukuma ta naɗa yana zaune a masallaci, ka biya ya ba ka rasit. Mu da muka saba da mudu abin ya ban mamaki.

Da safe Pak Cik ya ara min baju Melayu, riga da wando kala ɗaya da ɗan zane da ake ɗaurawa a ƙugu da baƙar hula songkok, domin duk gidan kala ɗaya suka yi, anko kenan har da jarirai. A masallaci aka yi idi ba a fili ba, kuma su Shafi'iyya ne, kabbara 7 a raka'ar farko ban da ta harama, ana tasbihi a tsakani, to mu 'yan Malikiyya kar mutum ya rikice, bin liman kawai za ka yi.

Abin da ya sa nake rubuta wannan dogon bayanin shi ne abin da ya faru bayan mun dawo. Pak Cik da Mak Cik suka zauna a kujera, matar ce ta fara durƙusawa gaban mijinta ta kama hannunsa ta kai goshi tana neman gafara, shi ma ya nemi tata, sai 'ya'ya suka biyo daga babba zuwa ƙarami kowa a kan gwiwa, maaf zahir dan batin, wato a yafe min na fili da na ɓoye. Babban ɗansu, magidanci da furfura a gemu, ya kifa kai a cinyar mahaifiyarsa yana kuka kamar yaro tana shafa kansa tana masa magana ƙasa-ƙasa. Ni ina rakuɓe bakin ƙofa sai Pak Cik ya yafito ni, ya riƙe hannuna ya ce in yafe musu in akwai inda suka gaza min. Wallahi hawaye na ji sun zubo. Ina fita na kira Hajiyarmu, can gida dare ne don awa 7 ce tsakaninmu, na ce ta yafe min, ta yi shiru sannan ta ce lafiya dai ko, na ce lafiya lau Hajiya.

Daga nan aka raba wa yara goron sallah, duit raya, a cikin koren ambulan, ni ma Mak Cik ta tura min ɗaya wai ai ɗalibi ne ni, na ƙi ta ɓata rai sai da na karɓa. Aka je maƙabarta aka karanta Yasin, sannan yawon sallah gida-gida, kuma su wannan buɗe gida ga baƙi har ƙarshen Shawwal ake yi. Abinci kam ba a cewa komai, lemang da rendang ɗin nan sai da na tanɗe hannu. Amma kayan zaƙinsu sukari ya yi yawa, ɗan biskit mai abarba ya min daɗi, dodol kuwa, wata irin alewa ta madarar kwakwa, ya cika danƙo da zaƙi, lemon ma ja ne zir mai zaƙi. Yajinsu kuma akwai daddawar jatan lande a ciki, belacan, warinta sai ka saba.

Rana ta uku cikin kuɗin akwai zagayen birnin Melaka, kuma nan ne suka fi ba ni haushi. Direban da aka haɗa mu da shi sauri yake kamar ana korarsa. Gari ne mai tarihi fa, daular Musulunci ce da Turawan Fotugal suka ci a 1511, 'yan Holan suka ƙwace a 1641, UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, amma minti goma-goma ya ba mu a ƙofar A Famosa, tsohuwar ganuwar Fotugal, da jajayen gine-ginen Holan. Masallacin Kampung Hulu na 1728 mai rufi hawa-hawa ta taga kawai na gan shi. Sai da na dage sannan ya tsaya muka yi magariba a Masjid Selat, wanda aka gina a kan teku, in ruwa ya cika kamar yana yawo a sama. Shawarata ku ce a cire muku zagayen, ku ƙara kwana ɗaya a birni ku taka da ƙafarku.

Masaukin kansa dai zan koma. Da zan tafi Mak Cik ta ƙunsa min lemang biyu da rendang a roba ta ce in kai wa abokaina da suka yi sallah a ɗaki, kuma tuni na gaya mata baɗi in Allah ya kai mu da maiɗakina zan zo, ta ce wannan karon ɗaki mai AC namu ne.