electron-builder: yana naɗe manhaja tsaf, amma kuɗin sa hannu daga aljihunka zai fito

Masu haɗa manhajar kwamfuta da JavaScript da masu shirin shiga harkar, bari in faɗi ra'ayina a kan electron-builder tunda ana yawan tambaya. Kayan aiki ne mai kyau, kyauta ne, kuma da shi nake aiki har yanzu. Sai dai akwai wani tunani da mutane ke shigowa da shi wai umarni ɗaya za ka buga a baƙin allo, wato terminal, shi ke nan manhajarka ta fito kamar ta manyan kamfanoni, to wajen naɗewa haka ɗin ne, amma wajen sa hannu labari ya sha bamban.

Ga wanda bai sani ba, Electron ɗin kansa daga GitHub ya fito a 2013, da farko Atom Shell ake ce masa kafin a canja masa suna a 2015, kuma abin da yake yi shi ne ya haɗa maka Chromium, injin burauzar Chrome, da Node.js, mai gudanar da JavaScript a kwamfuta, wuri ɗaya ta yadda abin da ka rubuta kamar shafin intanet zai buɗe a matsayin manhajar kwamfuta, VS Code da Slack da Discord duk a kansa suke. To amma bayan ka gama rubutawa ai ba za ka ɗauki folda mai dubban fayiloli ka miƙa wa mai kemis ko mai makaranta ka ce ya buga npm start ba. Dole a naɗe ta a fayil ɗaya da zai danna sau biyu ta shiga, wannan aikin shi electron-builder yake yi.

Kuma wallahi yana yin sa yadda ya kamata. Ka saka shi da npm, ka ɗan rubuta layuka kaɗan a package.json ko a fayil ɗin electron-builder.yml, sunan manhaja da appId da hoton tambari, sai ka buga npx electron-builder --win ka zuba ido. In ya gama za ka tarar da insitola ɗin exe a foldar dist, wanda NSIS, kayan haɗa insitola na Windows, ya haɗa, har da na cirewa. In --mac ka buga dmg zai ba ka, in --linux ne AppImage da snap, in kana son deb ko rpm kalma ɗaya za ka ƙara a saitin. Tambari ma hoto ɗaya mai girman 512 da 512 za ka ajiye a foldar build shi zai juya shi zuwa na kowane tsari. Wanda ya taɓa zama ya rubuta rubutun NSIS da hannunsa shi zai san irin nauyin da aka sauke masa, don yaren nan ba ya da daɗin karantawa ko kaɗan.

Abu ɗaya dai, appId ɗin nan ka yi tunani da kyau kafin ka zaɓa, don da shi Windows ke gane cewa sabuwar da tsohuwar manhaja ɗaya ce, in ka canja shi bayan mutane sun riga sun saka sai ta shiga a matsayin wata daban, kwastoma ya wayi gari da guda biyu a kwamfutarsa.

Ginin farko yana cin data, wannan ka shirya masa. Sai ya sauko da Electron na tsarin da kake so, ya sauko da NSIS da wasu kayan aikinsa, in kuma netwok ya yanke a tsakiya sai ka sake bugawa. Daɗin abin yana ajiye su a wata folda ta Cache, a Windows tana cikin AppData, don haka gini na biyu ba ya sake saukewa, har ma za ka iya kwafe foldar a filash ka kai wata kwamfutar. Akwai kuma wata matsala sananniya a Windows inda yake tsayawa wajen warware wani ƙunshi mai suna winCodeSign yana cewa ba shi da izinin haɗa symbolic link, sabon shiga in ya ga jan rubutun sai ya ɗauka shi ya ɓata wani abu alhali Developer Mode kawai zai kunna ko ya buɗe baƙin allon a matsayin admin. A ganina saƙon kuskuren ya kamata ya faɗi hakan kai tsaye, kuma wannan halin nasa ne gaba ɗaya, in komai na tafiya daidai shiru, in abu ya lalace sai ya zubo maka rubutu shafi guda ka nemo layin da ke da amfani da kanka. Bayanan da suka rubuta a shafinsu ma haka, komai yana nan amma a warwatse, jerin saituka ne kawai ba koyarwa ba.

In kana amfani da abu irin better-sqlite3 na rumbun bayanai, wanda kusan duk mai haɗa manhajar shago da ke aiki ba intanet zai buƙata, to ka saka electron-builder install-app-deps a postinstall, don sai an sake gina shi daidai da Node ɗin da ke cikin Electron ba wanda ke kan kwamfutarka ba. In ba haka ba manhajar tana iya mutuwa da zarar ka buɗe ta.

Yanzu maganar sa hannu, inda mutane ke cije yatsa.

Ma'anarsa ita ce a liƙa wa fayil ɗinka wata shaida ta lissafi da ke nuna daga wurin wa ya fito kuma ba wanda ya taɓa shi a hanya. electron-builder ya iya wannan liƙawar, in ka ba shi satifiket ta CSC_LINK da kalmar sirrinsa ta CSC_KEY_PASSWORD zai sa hannu a kowane fayil da ya dace, har da hatimin lokaci wanda ke sa hannun ya ci gaba da aiki ko bayan satifiket ɗin ya ƙare. Amma satifiket ɗin fa ba shi zai ba ka ba. Kamar tela ne da ya ɗinka maka kaya tsaf, katin shiga wurin bikin kuma sai ka je ka nema da kanka.

A ɓangaren Windows, in ba ka sa hannu ba kuma mutum ya sauko da fayil ɗin daga intanet, shuɗin allon SmartScreen ne zai tare shi da "Windows protected your PC", maɓallin ci gaba kuma a ɓoye yake sai an danna More info, kuma kwastoman da bai san kan kwamfuta ba yana ganin haka zai kira ka ya ce ka turo masa bairos. Satifiket ɗin ana sayensa ne da dala duk shekara a wurin kamfanoni irin su DigiCert da Sectigo da GlobalSign, kuma sai sun tantance ka ko kamfaninka da takardu. Da can fayil ɗin pfx mai ɗauke da satifiket da mabuɗin sa hannu kawai za su ba ka ka ajiye, to daga 1 ga Yuni 2023 dokar ta canja, dole mabuɗin ya zauna a cikin na'ura, ko dai wani ɗan abu mai kama da filash da za a aiko maka ta masinja daga waje ko kuma a saba ɗin kamfanin da ke sa hannu a madadinka. Wannan ya sa yawancin tsofaffin bidiyoyin koyarwa da ke cewa ka nuna masa pfx shi ke nan ba sa aiki ga wanda ya sayi sabo yau, sai dai ka rubuta ɗan rubutun da zai kira kayan sa hannun kamfanin, electron-builder ya bar ƙofar yin hakan amma aikin naka ne. Kuma ko ka sa hannun ba lallai gargaɗin ya ɓace ranar farko ba, SmartScreen yana duba yawan mutanen da suka sauke suka yi amfani da abin lafiya kafin ya saki jiki da shi.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba kuma ya shafe mu sosai. Gargaɗin nan yana fitowa ne saboda wata alama da burauza ke liƙa wa duk fayil ɗin da aka sauke daga intanet. In kai ne ka gina insitola a kwamfutarka ka zuba a filash ka je shagon da ƙafarka ka saka, babu wannan alamar, don haka shuɗin allon ba ya fitowa. Sannan insitolar da electron-builder ke fitarwa in ba ka taɓa saitin ba a foldar mai amfani yake sakawa, ba ya neman izinin admin. Don haka in kwastomominka 'yan kaɗan ne a cikin gari kuma kai ke zagayawa kana saka musu, ni dai ban ga dalilin da za ka zuba dala a satifiket tun yanzu ba, ka bari sai ranar da ka fara cewa mutane su sauke daga shafinka.

Mac kuwa, in mutane za su sauke daga intanet, babu sassauci. Sai ka shiga Apple Developer Program, dala 99 duk shekara, ka karɓi satifiket ɗin Developer ID, kuma sa hannu kaɗai bai wadatar ba, tun macOS Catalina na 2019 sai ka tura manhajar wurin Apple na'urarsu ta bincika ta ba ta tikiti, sannan a maƙala tikitin a jikinta. Tsohon kayan turawar altool an daina karɓarsa tun 1 ga Nuwamba 2023, yanzu notarytool ne, to in ka ci karo da koyarwar da ke maganar altool ka wuce kawai. A nan kam na yaba wa electron-builder, don in ka saita APPLE_ID da APPLE_APP_SPECIFIC_PASSWORD da APPLE_TEAM_ID shi zai tura ya jira amsa ya maƙala, wanda in da hannu za ka yi sai ka bi codesign da notarytool da stapler ɗaya bayan ɗaya, ga kuma Electron cike yake da ƙananan manhajoji a cikinsa da kowacce sai an sa mata hannu a jere. Amma duk wannan sai a kan Mac yake yiwuwa. Kuma dabarar da ake yi da ta danna dama a zaɓi Open don tsallake Gatekeeper, mai gadin Mac da ke tare manhajar da ba a tantance ba, Apple ta cire ta a macOS Sequoia na 2024, yanzu sai mutum ya shiga saitin Privacy & Security ya ba da izini, wa zai tsaya yi maka wannan.

Wanda ba shi da Mac mafita ita ce GitHub Actions, suna da na'urorin Mac da Windows da Linux, ka zuba sirrikanka a wurin da aka tanada, duk lokacin da ka tura sabon tag, wato alamar sabuwar siga, su gina su sa hannu su ɗora a GitHub Releases. In ma'ajiyarka a buɗe take kyauta ne, in a rufe take mintin Mac ya fi na Linux tsada nesa ba kusa ba. Ni wannan hanyar na fi so ko don wuta da data, ɗaruruwan megabait ɗin duk a can ake saukewa da ɗorawa, kai rubutu kawai ka tura.

Abin da ya fi riƙe ni a wurin electron-builder shi ne electron-updater, mai sabunta manhaja da kansa. Yana fitar da ɗan fayil latest.yml tare da insitola, manhajar in ta buɗe ta leƙa ta ga ko akwai sabuwa, kuma a Windows yana haɗa wani fayil blockmap da ke sa a sauke ɓangaren da ya canja kawai ba duka ba. Ga kwastoman da ke kunna hotspot ɗin wayarsa don kwamfutar shago wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Mac dai sabuntawar ba ta aiki sam in ba a sa hannu ba, kuma sai ka fitar da zip tare da dmg.

Girman fayil kuma kar a ɗora wa electron-builder laifi, ko manhajar da ba ta yin komai sai ta kai megabait gommai masu yawa tunda burauza guda ce a ciki. Abin da za ka iya kawai shi ne ka duba saitin files kar ya kwashi tarkace, kuma in Vite ko makamancinsa ya riga ya dunƙule maka React to ka mayar da su devDependencies don kar a naɗe su sau biyu. Sannan ƙunshin asar da yake zuba lambobinka a ciki ba kulle ba ne, duk wanda ya so da umarni ɗaya zai warware ya karanta, kar ka ajiye mabuɗin API ko kalmar sirrin rumbun bayanai a ciki kana ganin ka ɓoye.

Ka kuma tambayi kwastoma wane Windows ne a kwamfutarsa kafin ka fara, don har yanzu akwai shaguna da ofisoshi da ke kan Windows 7, kuma Electron 22 ne na ƙarshe da ke aiki a kansa, daga 23 an daina. electron-builder zai naɗe maka duk wanda ka zaɓa ba zai ce uffan ba, sai ka je wurin sakawa ka ga ta ƙi buɗewa.

Masu cewa a koma Tauri, kishiyar Electron, suna da hujja, shi ba ya ɗauko Chromium, da na'urar nuna shafi ta kwamfutar yake aiki don haka insitolarsa 'yan megabait ne, kuma sigarsa ta biyu ta fito a Oktoba 2024. Amma sai ka taɓa Rust, kuma maganar satifiket da dala 99 tana nan daram ba ta canja ba. Electron Forge kuma shi ne wanda masu Electron da kansu suke ba da shawara, yana da tsari, sai dai ni na fi son insitolar NSIS da yadda sabuntawar electron-builder ke aiki ba tare da ka kafa wata saba ta musamman ba.

In maki zan ba shi, 4 cikin 5, ɗayan na cire ne saboda saƙonnin kuskurensa da warwatsewar bayanansa. In aikinka na Windows ne kuma kai ke sakawa da hannu, ɗauke shi yau ka fara. In kuma kwastoma ya ce yana so a sauke daga intanet ko yana son na Mac, to tun wajen ciniki ka saka kuɗin satifiket na kowace shekara a cikin farashi, ka kuma tabbatar kana da katin da zai iya biyan dala kafin ka yanka masa ranar miƙa aiki.