Kwalbar kaki ko ta sukari: wacce za a fasa a kan ɗan wasa a Jidda?

Ƙanena, ka yi ta kaki. Ta sukari ka bar ta sai ranar da za ku ɗauki fim, kyamara ta matso kusa da fuskar mutum. Na ga tambayarka tun bayan la'asar, cewa tsakanin biyun wacce za ku fasa a faɗan da ke cikin wasanku na Sallah, sai na bari na dawo daga aiki tukuna, domin magana ce ta kan ɗan mutane, ba a amsa ta a tsaye.

Duka biyun na yi su da hannuna. Mazubin jibis (farin garin nan da ake aikin silin da shi) da nake zuba ta kaki a ciki yana nan a saman kabad ɗina, tun muna unguwar Karantina na yi shi, kafin rusau ɗin unguwannin Jidda na 2022 ya watsa mu kowa ya kama gabansa. Cikin kayan da na naɗe da bargo na ɗora a mota har da shi, kuma har yau bai ba ni kunya ba.

Wasan da na fara amfani da ta kaki na gado ne, wa da ƙane suna rigima a kan gidan mahaifinsu. A wata istiraha, gidan hutu da ake haya don biki, muka yi shi can unguwar Harazat, maza a gaba, mata a bayan labule suna leƙe. Da wan ya ɗaga kwalba ya sauke ta a kan ƙanen, ta tarwatse, ƙarar ta tashi a lasifika, sai muka ji salati daga ɓangaren mata. Mahaifiyar yaron ce. Ba ta iya jira a gama ba, ana rufe fitowar ta aiko a kira mata shi, ta cire masa hula tana shafa kansa tana neman jini. Abin da ta samu ɓarɓashin kore ne a cikin gashi. Ta ɗauki ɗaya ta murza tsakanin yatsu biyu, ya marmashe. Ta daɗe tana kallon yatsunta, sannan ta ce Allah ya yi mana albarka. A daren muka share gutsattsarin muka zuba a leda, kuma da shi na sake zuba kwalbar wasanmu na gaba.

Ga yadda ake yi. Ka samu kwalbar gaske mai santsin jiki, ni da ta lemon Barbican na yi saboda ƙarama ce kuma koriya, kowa a garin nan ya san siffarta. Ka kwantar da ita a ɗan kwali, ka binne rabinta a yumɓu, ka shafe rabin da ke sama da man basilin, ka dama jibis ka zuba a kai. Jibis irin na masu silin nake nufi, duk shagon kayan gini akwai. Cikin rabin awa zai kama, za ka ji ya ɗau ɗumi sannan ya huce. Sai ka juya, ka cire yumɓun, ka ƙwaƙule 'yan ramuka uku a fuskar jibis ɗin don ɓari biyun su riƙa zama daram a kan juna, ka sake shafa basilin har fuskar jibis ɗin, ka zuba ɗaya ɓarin. Ka bar wajen bakin kwalbar a buɗe, ta nan za ka riƙa zuba kakin. Ka ba shi kwana biyu ya yi ƙwari.

Ranar zubi, abin da mutane suke mantawa shi ne jiƙa mazubin. Ka nutsar da shi a bokiti har kumfa ta daina tasowa, ka goge ruwan da ya kwanta a ciki, ka haɗe ɓari biyun ka ɗaure da roba. Jiƙaƙƙen jibis ba ya riƙe kaki, busasshe kuwa zai shanye shi ya maƙale, ka yi asarar duka biyun. Kakin kuma fararen kyandir ɗin nan ne na shagunan abu hamsa masu kayan riyal biyar, ka kakkarya ka zare lagwanin. Kada ka ɗora shi a wuta kai tsaye: gwangwani za ka sa a cikin tukunyar ruwan zafi ya narke a hankali, domin kaki yana kamawa da wuta kamar mai, kuma in ya kama ba a kashe shi da ruwa, murfi ake kifa masa. Tsakanin digiri 50 zuwa 65 yake narkewa, ya danganta da irinsa. Ka jefa kalar kaki ta 'yan makaranta a ciki, koriya biyu da ɗan guntun baƙa, ka juya har launin ya yi duhu.

Ka cika mazubin, ka ƙirga kamar minti ɗaya zuwa biyu, ka juye sauran ya koma gwangwani. Wanda ya daskare a jikin bangon shi ne kwalbarka. A nan dukkan aikin yake: kaurin bangon kada ya wuce milimita 2 zuwa 3. Kuma da ka juye, ka bar mazubin a kife baki ƙasa, in ba haka ba ragowar kakin zai taru a gindi ya zama curi, curin nan kuwa shi ke fasa kai. Wuya ya yi kauri ba laifi, shi ne mariƙi, a hannu zai rage. In ta huce a ruwan sanyi ka buɗe, ka kankare layin haɗin da wuƙa mai ɗumi, ka goge jikin da tsumma mai laushi ya ɗan yi sheƙi. Ni kowace kwalba sai na zura mata fitilar waya ta baki a ɗaki mai duhu. Inda haske ya ratso ko'ina daidai, ta yi. Inda na ga tabo baƙi, can kaki ya taru, sai ta koma gwangwani ba tare da wata shawara ba.

Takardar suna ma ka kula da ita. In ka naɗe cikin kwalbar da takarda mai gam, ta zama bandeji ke nan, za ta riƙe gutsattsarin ta hana ta tarwatsewa. Ƙarama za ka liƙa a gefen da ke kallon jama'a, ka tsattsaga ta da reza kafin ka liƙa.

Ta sukari kuwa, ba zan ci haƙƙinta ba, ta fi kyau a ido, haske yana wucewa ta cikinta kamar gilashin gaske, kuma tana da 'yar ƙara tata. Iyakar abin da zan yabe ta da shi ke nan.

Kyan ɗan maciji gare ta. Kafin sukari ya kai matsayin da zai daskare ya yi ƙaras, sai an dafa shi da ruwa da gulukos har digiri 150. Ruwan da ke tafasa 100 ne kawai. Ɗigo ɗaya in ya sauka a fata ba ya gangarewa, mannewa yake yi ya ci gaba da ci. Ka ɗan yi sakaci ya haura 160, ya fara komawa ruwan ƙasa. Ba ya shiga jiƙaƙƙen jibis, tartsatsi zai yi maka a fuska, dole ka sayi silikon na zubi mai jure zafi da ma'aunin zafi, kuma silikon ɗin shi ne kuɗin da na fi jin zafin kashewa a harkar nan. Duk wannan da sauƙi a kan ruɗubar Jidda. Ka san yadda tabarau ke yin hazo in ka fito daga mota mai mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, a watan Agusta? Haka raɓa ke kwanciya a jikin kwalbar sukari da zarar ta bar ɗaki mai sanyi, kuma sukari shan danshi yake yi. Guda huɗu na yi da safe suna ƙyalli, kafin isha'i sun dushe suna danƙo, kiyashi ya samu hanyar kwalin. Da muka gwada ɗaya a kan kankana ba ta tarwatse ba, rabewa ta yi gida uku manya masu kaifin baki, ɗaya ya tsaga ɓawon. Tun daga ranar ban sake tunanin ɗora ta a kan mutum ba. Wanda ke Riyad ko Madina, inda iska take a bushe, zai fi mu jin daɗinta. Akwai kuma wanda masu kek ke amfani da shi, isomalt, ya fi sukari jure danshi kuma ba ya saurin canza launi, amma zafin dafa shi bai gaza na sukari ba, tsadarsa kuma ta ninka.

Ba na ce kaki ba shi da nasa ba. Ba a ganin cikinsa, shi ya sa ake yin sa da launi mai duhu, daga layi na uku ba mai bambance shi da kwalbar lemo. Ba shi da ƙara, sai ka samu gwangwanin Nido ka zuba fasassun gilasai, ka rufe ka naɗe da salatif, wani ya tsaya a bayan labule kusa da makirfo ya buga shi a ƙasa daidai lokacin da kwalbar ta sauka. Wannan sai kun maimaita shi sau da yawa kafin hannu da kunne su haɗu. Maƙiyinsa zafi ne. Ka bar shi a motar da ke rana, ka dawo ka tarar ya lanƙwashe. A cikin kula, akwatin nan mai riƙe sanyi, ake ɗaukarsa, a naɗe da jarida, ƙanƙara a gefe. Kafin fitowar ya yi rabin awa a tallaja, wato firji, ba a firiza ba don zai tsattsage, domin kaki mai sanyi shi ke tarwatsewa, mai ɗumi lotsawa yake yi, wanda aka doka ya ji nauyin dukan. Ka ga sanyin da ke lalata ta sukari shi ke gyara ta kaki. Sai kuma santsi: ɓarɓashinsa a kan tayil yana kayar da mutum, ku shimfiɗa darduma a wurin, a naɗe ta da an gama fitowar.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ka yi hattara da masu tallar “kwalbar fim” a intanet. Ta gaskiya akwai ta, da wani irin roba mai saurin karyewa ake yin ta, ba ta da nauyi, tana da tsada, kuma daga waje ake kawo ta. Ni na taɓa tura wa wani kuɗin guda shida. Abin da ya iso kwalaben ado ne na roba mai tauri, na buga ɗaya da bango ta yi tsalle ta dawo lafiya lau, da na kira lambar kuma ta daina shiga. Ka duba da a ce ban gwada ba. Wasu kuma gilashin gaske ne marar kauri suke sayarwa da wannan suna, wanda ya fi muni. Duk mai sayarwa ka ce ya murƙushe ɗaya da tafin hannunsa ba safa, a gabanka ko a bidiyon da ya ambaci sunanka, kuma kada ka biya sai kaya sun zo hannu. Masu kyandir ma ka gwada su: ka karya guda ɗaya a shagon, in ya karye ɓas shi kake nema, in ya lanƙwasa ko ya yi maiƙo a hannu an cakuɗa shi, ba zai fashe maka ba. Kakin zuma ma haka, ya cika danƙo. Jibis in ka ji gudaji a buhun, ya sha danshi, ka bar musu abinsu. Wanda kuma zai ce maka a ɗan zana kwalbar gaske da abin yankan gilashi, ko a gasa ta a tsoma a ruwa don ta yi saurin fashewa, kada ka saurare shi ko da ya girme ka. Gilashi ne har yanzu.

Ko ta kaki ce, dukan yana da ƙa'ida. Da cikin kwalbar ake duka, ba da gindi ba. Daga wuyan hannu ƙarfin zai fito, kada ya taso daga kafaɗa. A saman kai ta baya za ta sauka, nesa da kunne da gefen goshi, wanda za a doka ya kau da fuska ya rufe ido, kuma ku sa soso a cikin hularsa. In labarin zai yarda a doke shi a kafaɗa, ya fi mini. Ku juya dukan ya fuskanci bayan dandamali, don ka san yaranmu a gaba suke zama dab da ƙafar 'yan wasa. Kada a zuba ruwa a cikinta, nauyi yake ƙara mata. Kuma daren wasan kada kwalbar gaske ko ɗaya ta kusanci dandamali, ko ta wanda ya sha lemo ya ajiye ce. Mutum ɗaya za ka ɗora wa wannan aiki, shi zai buɗe kula, shi zai miƙa wa ɗan wasa hannu da hannu.

Ka sayi kyandir fakiti huɗu da kala kwali ɗaya, ka zuba kwalba shida: uku na gwaji, wanda ta farko a kan kankana za ta fashe, ta biyu a damtsenka kai mai shirya wasan, sannan ɗaya ta daren, biyu na ko-ta-kwana. Jibis ba sai ka saya ba in siffar Barbican ta yi maka. Ka biyo ta gida ranar Alhamis bayan magariba ka karɓi mazubina, mu zuba ta farko tare ka ga lokacin da ake juyewa.