Surin ko Loei: Wanne Ya Fi Dacewa Da Mai Son Ganin Bikin Gargajiya A Karkarar Tailan?

Wani ɗan'uwa a nan zauren ya ce yana da mako guda bayan ya gama harkarsa a Bangkok, yana son ya ga bikin gargajiya a ƙauye, an ba shi sunan Surin da Loei, ya rasa wanne zai ɗauka. Malam, duka biyun suna yankin Isan ne, arewa maso gabashin ƙasar, amma watan da za ka je shi zai raba maka gardama.

Surin tana kan iyakar Kambodiya, kuma tarihinta na daular Khmer ne: har yau akwai masu jin yaren, ga kuma tsohon wurin bauta na Sikhoraphum mai hasumiyoyin bulo biyar, ginin ƙarni na 12. Ƙabilar Kuy ta can ta gaji kama giwaye da horar da su, daga nan bikin giwaye ya samo asali a 1960. Ana yin sa a ƙarshen mako na uku na Nuwamba. Ranar Juma'a ake jera wa giwayen 'ya'yan itatuwa a kan tebura cikin gari, Asabar da Lahadi kuma a yi wasa a fili, har da kwaikwayon yaƙin da.

Loei kuwa ƙasar duwatsu ce, kogin Mekong ya raba ta da Laos. Bikinta, Phi Ta Khon, a garin Dan Sai ake yi, kimanin kilomita 80 yamma da babban birnin lardin. Samari ke shigar dodanni: hular abin rufe fuskarsu kwandon da suke turara shinkafa ne, kamar madambaci, a haɗa shi da gindin reshen kwakwa, a sassaƙa dogon hanci, a rataya ƙararrawar shanu a kugu. Kwana uku ne, ana harba rokokin gora don roƙon ruwa, rana ta ƙarshe sufayen addinin Buddha su yi karatu a wurin bautar Wat Phon Chai. A garin ne kuma hasumiyar Phra That Si Song Rak take, wadda aka fara ginawa a 1560 shaidar amana tsakanin sarkin Ayutthaya (tsohuwar daular Tailan) da na Lan Xang (tsohuwar daular Laos). Ba a shiga wurin da jan kaya.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ranar bikin. Ta Surin sananniya ce tun farkon shekara. Ta Dan Sai masu bori na garin ke tsayarwa, galibi cikin Yuni ko Yuli, sai a saurari sanarwa. Wanda ya sayi tikitin jirgi da wuri yana iya isa ya tarar saura mako biyu. Kuma damina ce, lokacin da ake rufe sanannen dutsen Phu Kradueng na lardin Loei daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba, ke nan ba a haɗa bikin da hawan dutsen a tafiya ɗaya.

Ta fannin hanya Surin ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Jirgin ƙasan da ke zuwa Ubon Ratchathani daga tashar Krung Thep Aphiwat ta Bangkok yana tsayawa a tsakiyar garin, kimanin awa shida zuwa tara, akwai na dare. Ko ka hau jirgin sama daga filin jirgin Don Mueang na Bangkok zuwa Buriram, maƙwabciyar Surin, ka ƙarasa a mota. Loei ba ta da layin dogo: bas daga tashar Mo Chit, kwana ake yi a hanya, ko jirgin sama na kusan awa guda, sannan mota zuwa Dan Sai. Masauki a Dan Sai kaɗan ne, yana cika tun kafin bikin, da yawa a garin Phu Ruea da ke kusa suke kwana.

Mai tafiya da iyali ya sani cewa dodannin Dan Sai na riƙe sanduna masu siffar al'aura, kuma ana shan giya sosai. Abincin Isan ya cika naman alade, sai a nemi tambarin halal ko a tsaya ga kifi da ƙwai da shinkafa. A Surin kuma kada a doshi wuraren bautar Ta Muen na bakin iyaka ba tare da an tambaya ba, don an gwabza faɗa da Kambodiya a can a 2025. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ya riƙe katin rigakafin shawara, ana nema.

In tafiyarka ta faɗo Nuwamba, ɗauki Surin, ka kama ɗaki wata biyu kafin lokaci. Dan Sai ta mai iya ɗaga ranar tafiyarsa ce.